Tef Ɗin Tela

"Kada wanda ya taɓa gawar nan sai an buɗe akwatinsa," in ji mai gidan hayar, ya tokare bakin ƙofa.

Tun hantsi tsohon ya cika, ga rana ta karkata yana nan kan katifa, lulluɓe da zanen gado. Maza shida ne a baranda, amma ba wanda ya cire takalmi.

Tela, wanda bango ɗaya ya raba su da mamacin, ya raɓe a baya. Ya san inda maganar ta samo asali: bakinsa. Bara ya shiga karɓar tef ɗin awonsa da tsohon ya saba ara, ya tarar da shi yana goge wani farce mai tsawon wuƙar mahauci. Kafin yamma unguwa ta ɗauka cewa tsohon matsafi ne. Mai kanti ma ya daina ba shi hannu.

Tsohon ya sha yi masa bayani. "Maƙwabci, farcen wata dabba ne mai nawar tafiya, girmanta ya kai giwa, ganye kawai take ci. Ta ƙare a duniya shekara dubu goma da suka wuce. Danginta ƙanana na nan a wasu ƙasashe, suna lilo a bishiya. Ita na bincika a jami'a har na yi ritaya."

"To, Baba," tela kan ce, a ransa kuwa yana cewa kowane matsafi da irin tatsuniyarsa.

Aka jawo akwatin baranda, aka ɓalle kwaɗon. Ƙasusuwa ne naɗe cikin auduga, da kwalba cike da wasu ƙanana kamar tsakuwa, da littafi mai kauri.

Mahaucin unguwa ya juya wani ƙashin cinya, ya yamutsa fuska. "Shekara ashirin ina fawa. Wannan ba na sa ba ne, ba na raƙumi ba."

"Kun ji ko?" Mai gidan ya buɗe littafin. "Ga lambobin tsafin nan reras. A ƙone tarkacen, hukuma ta zo ta ɗauki gawar. Ni ba ruwana."

"Mu gani," in ji tela.

Yana dubawa ya gane tsarin. Tsawo, faɗi, zagaye. An auna sau biyu, an soke na farko, kamar dai nasa littafin na shago. A gefen kowace lamba kuma, da ƙaramin rubutu: "a rage rabin inci, tef ɗin tela." Bakin tef ɗinsa ya gutsure tuntuni. Sau ɗaya tak ya faɗa wa tsohon, a tsaitsaye, yana sauri ya bar ɗakin. Kunya ta rufe shi.

"Awo ne," ya ce. "Awo ne kawai, irin nawa. Ni na fara maganar nan, kuma ƙarya na yi masa."

"Kai ma aljanunsa sun taɓa ka ke nan," in ji mai gidan.

Tela ya cire takalmi ya shiga, ya durƙusa, ya zaro tef daga wuyansa. Can ya ji mahauci na kwance nasa takalmin a bayansa.

Ya auna tsohon daga kai zuwa ƙafa saboda likkafani, ya sake aunawa. Sannan ya buɗe shafin ƙarshe, ya rubuta lambar a ƙarƙashin ta dabbar, ya rage rabin inci.