Baba Ya Koma Keken Guragu

Wata biyar cur Baba Benson ya yi a keken guragu bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar da ya miƙe, duk unguwar Kamazou sai da ta sani, don a coci ya tako daga ƙofa har gaba ba sanda, ya karɓi makirfo ya ce shi da keken nan har abada. Tun daga ranar ya mai da shi amalanke. Da shi yake ɗauko jarkokin ruwa, da shi yake turo buhun masara daga bakin titi in an sauke masa amfanin gonarsa ta Kakau.

Ɗansa Ernest, wanda ya baro Amurka don jinyar, ya kamata ya koma tun a lokacin. Bai koma ba. Wata biyar suka zama shekara, shekara ta zama biyu da wata huɗu. Ai dole! A can, aikinsa wanke tsofaffin mutane ne a gidan kula da su, ya canja musu zanin gado, wata tsohuwa ma ko sunansa ba ta taɓa riƙewa ba. A nan kuwa, in ya shiga Barnawa shan farfesu, kujera ake share masa ana "Ba'amurke ya iso." Duk lokacin da matarsa Lizzy ta kira, ko 'yarsu Favour, amsarsa ɗaya ce: "Jikin Baba ne, har yanzu sai a hankali."

Sai ga shi Favour za ta gama sakandare nan da wata uku, ta ce ba ta son rigar biki, ba ta son komai, ubanta kawai take son gani a wurin bikin kammalawar. A nan ne Ernest ya ɗauko katinsa na zaman dindindin a Amurka, ya bincika, ya tarar cewa wanda ya daɗe haka a waje ba ya ɗaukar jaka kawai ya koma. Sai ya je ofishin jakadanci ya nuna cewa dole ce ta riƙe shi, abin da ya fi ƙarfinsa. Wani mai cike wa mutane fom a Barnawa ya ce masa, "Oga, takardar asibitinka ta wata biyar ce. Sauran wata ashirin da ukun fa? Ka samo hotuna, su ga tsohon a kwance, su ga kai ke riƙe da shi. Sauran ka bar mini."

Kwana uku maganar tana bakin Ernest ta ƙi fita. A rana ta huɗu, da la'asar, ya tarar da uban a tsakar gida yana ɓare gyaɗa. Ya zauna a kan turmi ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen damina, ya yi zancen tsadar taki. Baba ya ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka, gyaɗar nan za ta ƙare ba ka fara ba."

Ya faɗa. Idonsa na kan ɓawon gyaɗa har ya gama.

Baba ya ture gyaɗar gefe. Ya karkaɗe hannu, ya je bayan kicin, ya sauke jarkoki biyu daga kan keken, ya goge kujerar da tsumma. Ya shiga ɗaki ya sa tsohuwar rigar sanyin da yake sawa lokacin ciwo, ya fito ya zauna. Keken ya yi ƙara. Ya ɗora ƙafafunsa a matakin da hannu, ɗaya bayan ɗaya, yadda Ernest yake yi masa a da.

"Ɗauka," in ji shi.

Ernest ya ɗaga waya ya ɗauka. Tsohon ya karɓa ya duba, ya girgiza kai.

"Wannan ai kamar mai jiran tuwo. Ba za su yarda ba. Bakin ne. Ka manta yadda yake?"

Sai ya karkatar da bakinsa hagu, ya saki kafaɗa, ya naɗe hannun a cinya kamar ba nasa ba. Wayyo! Mutumin da ya yi wata da watanni gaban madubi yana koyon rufe leɓe, yana matsa ƙwallon roba har hawaye na zubo masa, shi ne ya mai da kansa yadda yake cikin ƙiftawar ido. Kunya ta rufe Ernest, irin wadda ke sa gumi ya keto a bayan wuya. Amma fa hannunsa bai fasa dannawa ba. Ya ɗauki huɗu.

Yana kan na biyar aka turo ƙofar gida. Mama Esther ce, maƙwabciyarsu, wadda ta yi azumin kwana bakwai a kan ciwon nan, ta kawo musu kunun gyaɗa a kwano. Tana ganin Baba kwanon ya suɓuce.

"Yesu! Yesu na! Ya dawo? Baba Benson, ciwon ya dawo?" Ta ɗora hannu a ka. "Ernest, yaushe? Me ya sa ba ku buga mini ba? Bari in kira fasto, bari in kira matan zumunta!"

Ernest ya dubi ubansa, yana jira ya miƙe ya yi dariya ya ce wasa ne. Baba bai motsa ba. Bakin na nan a karkace, hannun na nan a cinya. Ido kawai ya ɗago ya dubi ɗansa, kuma Ernest ya gane abin da idon ke faɗa. In ya tashi, sai an tambayi dalili, dalilin kuwa zai tsiraita ɗansa a unguwa. Don haka ya zaɓi ya zauna. Zai bari a zo a yi masa addu'a, zai bari a ce shaidar da ya bayar a coci ta rushe, zai zauna a keken nan wata nawa ne ma in ta kama.

Mama Esther ta riga ta fara laluben lamba a wayarta.

"Mama, ki ajiye wayar," in ji Ernest. "Lafiyarsa ƙalau. Ni na sa shi. Hoto nake ɗauka in kai wa Turawa, in ce ciwonsa ne ya hana ni komawa. Ƙarya ce, Mama. Ni ne ban so komawa ba."

Matar ta dube shi daga sama har ƙasa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta sunkuya ta ɗauki kwanonta, ta ce, "Baba, sannu," ta fita ta ja ƙofar a hankali.

Ernest ya goge hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya san da kowanne yana goge kujerarsa a bikin Favour. Baba ya miƙe, ya shafa bakinsa da tafin hannu, ya cire rigar sanyin.

"Da ka bar ni," ya ce. "Zama ne kawai. Na san yadda ake ji in naka yana nesa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jin haka a kanka, ban so yarinyar nan ta ɗanɗana ba."

Ya mai da jarkokin kan keken, ya tura ya nufi famfo, yana ɗan jan ƙafar hagu kamar kullum.

Wayar ta yi ƙara a hannun Ernest. Favour ce, gari ya waye a wurinsu, tana shirin makaranta.

"Dadi, an samu takardun? Yaya jikin Kaka?"

Ya leƙa ta ƙofa. Ga Kakan can yana tura jarkoki, har ya kusa shan kwana.

"Kakanki ya warke, Favour," ya ce. "Saura kaɗan ya cika shekara biyu da warkewa. Kira mamanki ta zo kusa, ku ji ni ku biyu."