Wandunan da Malam Dattijo Ya Ceto

Mudassiru ya daɗe yana kwaso tokar buntun shinkafa daga injinan Kura. Yakan haɗa ta da garin fasassun kwalabe, ya gasa ta har ta zama duwatsu masu kaushi. Da su yake gurzar sababbin wandunan jins har su koɗe, domin samarin birni ba sa son a gan su da sabon kaya.

Ranar da ya leƙa kasuwar Bunkure, ya bar wandunan da ya gama a kan igiya, gwiwoyinsu fari fat. Mahaifinsa Malam Dattijo, tsohon marini, ya gan su, tausayin ɗansa ya kama shi. Ya kwashe su ya tsoma a shuni, ya kai wa mabugi.

Mudassiru ya dawo ya tarar da su a ninke, baƙi wuluk, suna ƙyalli kamar rawanin ango.

"Baba, ai koɗewar ake saya," ya ce a hankali.

"To, madalla," in ji tsohon. "Ashe duk shekarun da na yi ina hana tufa koɗewa, ɓata wa mutane kaya nake yi."