Gudun da Torgny Bai Taɓa Yi Ba

Tun da ƙanƙara ta fara narkewa, Torgny Wiklund ba ya shiga gida idan ya taso daga masana'antar yanka katako. Gareji yake faɗawa, ya sa kaset a rikoda, ya hau kan gangunansa yana ƙoƙarin bin kiɗan da ke fitowa. Waƙar farko yakan kai rabinta. Daga nan ƙafar dama, mai taka gangar ƙafa, ta sage, sanda ta kuɓuce, kaset ya wuce ya bar shi yana haki. Abin takaicin shi ne, mai kaɗa gangar cikin kaset ɗin shi ne da kansa, lokacin yana ɗan shekara goma sha tara.

A hunturun 1985 suka ɗauki kiɗan, su uku, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan matasan garinmu: Torgny a ganga, Börje Lundmark da jita da murya, sai marigayi Sixten da jitar bas. Sunan ƙungiyarsu Kallmyr. Kundin bai da suna, baƙar takarda kawai suka naɗe shi da ita, shi ya sa har yau Baƙin Kaset ake ce masa. A lokacin masu son kiɗan metal, na jita da ganga mai tsananin ƙara, ba sa jiran kamfani ya buga musu kaset. Ka kwafi naka ka aika wa wani ta gidan waya, shi kuma ya aiko maka da na garinsu. Haka kaset ɗin ya isa Poland da Chile da Brazil, kuma duk inda ya sauka sai samari su rikice. Ba a taɓa jin ganga da wannan gudu ba, ba a taɓa jin murya mai kaifi haka ba, kamar ana yaga kwano. Ƙungiyoyi ɗaruruwa suka tashi a kansa. Har ɗaurin tsirkiyar jita sai da suka kwaikwaya.

Abin da Torgny da Börje kaɗai suka sani shi ne, rikodar gidan matasan belinta na roba ya saki, a hankali take juya kaset. Idan ta maimaita abin da ta ɗauka daidai yake fita, amma a lafiyayyar rikoda sai ya zabura da gudu. Börje ne ya yi kwafi sittin na farko da lafiyayyar rikoda a ɗakinsa, da sifika a kashe don kada mahaifiyarsa ta yi faɗa. Ba su farga ba sai da wasiƙa ta zo daga Poland ana tambayar ko makaɗinsu ƙafa uku gare shi. Kunya ta hana su magana, daga baya daɗin yabo ya hana su. Ƙungiyar ta watse kafin ta hau wani dandali na kirki, saboda haka ba a taɓa kama su ba.

Mu ma da namu laifin. Shekara arba'in muna durƙusa wa kaset ɗin nan, ana rubuta masa dogayen sharhi, ana gardama a kan wa ya fi fahimtarsa, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce ya ji wani abu ba daidai ba. Mun fi son abin bauta da abin bincike, kuma wannan lalaci ne, ko da baƙar riga aka sa masa.

Yanzu ga Tuva Hedman ta ɓullo da maganar biki. Tuva 'yar garinmu ce, shekararta talatin da shida, tana kaɗa wa wata ƙungiya da ke zagaya duniya, kuma an yarda a ƙasar nan ba mai saurin ƙafarta. Ita ke shirya bikin kiɗa na bazara a bakin kogi, ta kuma sanar cewa Kallmyr za su kaɗa Baƙin Kaset daga farko har ƙarshe. Ranar da ta zo neman yardar Torgny ta gaya masa cewa tana da shekara goma sha huɗu ta ji kaset ɗin, kuma saboda shi ta ɗauki sanda. Kallon da ta yi masa ne ya sa ya ce to. Wannan kallon ne kuma yake tsoron rasawa.

Saura sati biyar ya je wajen Börje a shagonsa na injinan kwalekwale, ya gaya masa abin ya faskara. Börje ya tura taba ƙarƙashin leɓe, ya ce ai da sauƙi. A sa na'ura a bayan dandali ta riƙa buga gangar ƙafa, shi Torgny ya yi ta motsa gwiwa. Rabin yaran yanzu haka suke yi.

"Kai dai ka girgiza gashi, mutane su yi ihu, mu sauka," in ji Börje.

"Wane gashin? Ka dubi kaina da kyau?"

"To ka girgiza tumbi, shi kana da shi."

Torgny ya yi dariya, amma shawarar ba ta kwanta masa ba. Wanda zai haɗa na'urar ma'aikacin Tuva ne, ko ba daɗe ko ba jima za ta sani. In kuma ba ta sani ba, za ta tsaya a gefen dandali tana kallon ƙarya da wannan idon nata.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu don gwaji a garejin. Tuva ta zo da kofi a fulas da burodin kirfa a leda, ta zauna kan akwatin sifika tana ba su labarin tikiti ya kusa ƙarewa, har daga Chile akwai masu zuwa. Torgny ya riƙe kofinsa har ya huce. Börje yana ta harararsa yana girgiza kai. Sai kawai Torgny ya ajiye kofin ya faɗa mata komai: belin, sifikar da aka kashe, wasiƙar Poland. Bai ƙawata ba, bai kuma ɗora wa Börje ba.

 Tuva ta naɗe hannun rigarta ta nuna masa tabon ɗinki a wuyan hannu.

"Ka ga wannan, tsoho? Waƙa ta uku ce ta jawo mini. Shekara biyu ina binta, sai da likita ya yanka ni. Kullum ina ce wa kaina, mutum ne ya kaɗa ta, ɗan garinmu ma, wanda nake gani a layin kanti yana sayen madara. In shi ya iya, ni ma zan iya."

"Kuma kin iya," in ji Torgny a hankali. "Ni ne ban taɓa iyawa ba."

"Wato da beli nake tsere."

Börje ya yi ƙoƙarin cewa ai duk duniya ta amfana, ta ce masa ya yi shiru, shi da ko sauraron abin da yake kwafa bai yi ba. Ta tashi ta tsaya a bakin ƙofa ta ba su baya. Torgny ya ga kafaɗunta suna rawa, ya ɗauka kuka take yi. Da ta juyo ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, ko da yake idon ya yi ja. Ta fara lissafa makaɗan da ta sani waɗanda suka lalata gwiwa da gwiwar hannu a kan waƙar nan, har yatsu suka ƙare mata.

Daga nan ta share fuska ta ce Torgny ya hau ganga ya kaɗa mata yadda suka kaɗa a ranar da suka ɗauki kaset ɗin.

Torgny ya hau. Ya ƙirga huɗu da sanda, ya shiga waƙa ta uku da gudun da jikinsa ya sani. Börje ya sassauta tsirkiyoyi zuwa ɗaurinsu na asali ya bi shi. Kiɗan ya fito da nauyi, yana tafiya kamar babbar mota ɗauke da gungume a kan tudu, ba gaggawa, ba kuma mai tare ta. Muryar Börje ta koma gurnani daga can cikin ciki. Akwai wani ɗan jinkiri da Torgny ke yi kafin ya sauke sanda, wanda gudun kaset ya haɗiye shekara arba'in. Gwangwanayen fenti suka yi ta karkarwa a kan kanta.

Da suka tsaya, Tuva ta ce wannan za a kaɗa a bakin kogi, ba na'ura, kuma Torgny da bakinsa zai yi wa jama'a bayani kafin su fara. Waɗansu za su yi fushi, su yi. Börje ya sauke ajiyar zuciya ya ce dama shi ma yatsunsa sun ƙi, tun watan jiya yake shafa musu man zafi a ɓoye.

"Munafuki," in ji Torgny. "Ni kaɗai ka bari da fargaba."

Tuva ta miƙa hannu ya ba ta sandunan. Ta gyara kujera, ta ce Börje ya koma farkon waƙar, tana so ta gane inda jinkirin nan yake. Ta fara daidai. Kafin a kai amshi ƙafafunta sun ƙwace, sun koma gudun da ta saba, ta bar Börje a baya. Ta tsaya tana hararar ƙafafun.

Torgny ya ɗauki burodin kirfa, ya zauna kan akwatin sifika, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo.

"Kina gudu, 'yata," ya ce. "A sake."