Fintan a Motar Gawa

Tun da safe Fintan Garvey ke rawar ƙafa. Ya haura saba'in bai taɓa hawa dandamali ba, yau ga shi jigon wasan barkwancin ƙauyensu: tsohon da ya mutu, yake tashi daga akwatin gawa yana zayyana da-na-saninsa. Abu guda ke damunsa. Yayansa Malachy ba zai zo kallo ba, don tun rabon gonar ubansu ba sa ga maciji.

Tadhg mai harkar jana'iza ne ya ara musu akwati na gaske, a rumfar Fintan ake gwaji da shi. Da rana ya zo da motar gawa don a kai akwatin zauren coci, inda za a yi wasan. Gobnait, mai shirya wasan, ta cika gaban motar da ita da tarkacenta.

"Ni kuma ina zan zauna?" in ji Fintan.

"Ga wurinka can baya," ta ce. "Kwanta abinka, ai ka saba."

To, garin nan in motar gawa ta fito daga gidan mutum ba a tsayawa tambaya. Mahauci ya rufe shago. Mashaya suka ajiye kofuna, suka tuɓe huluna, suka bi baya. Fintan ya ɗaga kai kaɗan ya leƙa, ai sai dariya ta kusa kashe shi da gaske. Gari guda na rakiyarsa! Ko kuɗi aka biya ba za a samu talla irin wannan ba.

Sai ya ga wanda ke gaba, dab da motar, inda dangi ke tafiya. Malachy ne, da takalmin gona duk kashin shanu, yana kuka wiwi.

A ƙofar zaure Tadhg ya buɗe baya, Fintan ya tashi zaune. Wata tsohuwa ta kurma ihu, sannan wuri ya kaure da dariya. Malachy bai yi ba. Ya matso ya kama hannun ƙanensa.

"Yaya, wasan nan ne fa."

"Kai ko mutuwar ma ba ka iya ba. Sauko a hankali." Ya ja majina. "Duk hanyar nan haƙuri nake ba ka. Ka ji?"

"Ban ji ba. Gilashin motar a rufe yake."

"To, ba zan maimaita ba."

Amma har cikin zauren bai saki hannun ba.