Hatimin Kawu

Birkin tankar hukumar ruwa ya tsinke a gangara, ta take wani mai tura baro har lahira. Auta ne direban. Sau uku ya rubuta a littafin gareji cewa birkin ba ya kamawa, amma hukuma ta ce gangancinsa ne, ta kafa kwamitin da zai zauna ranar ashirin ga wata. In kwamiti ya ɗora masa laifin, sai kotu.

Yayarsa, malamar firamare, ita ta nemi lauya. Lauyar ta ce akwai doka: kowa na iya neman takardar gwamnati a rubuce, kuma dole a amsa masa cikin kwana goma sha huɗu. Ta buga mata wasiƙar neman littafin garejin, kwafi biyu.

"Ɗaya tasu, ɗaya taki. Kada ki fito sai an buga hatimi a taki. Daga ranar hatimi ake fara ƙirge."

Ranar ɗaya ga wata Malama ta kai. Mai karɓar wasiƙu a hukumar kuwa Kawu ne, ƙanen mahaifiyarsu, shekara ashirin da shida a tebur ɗaya. Shi ya samo wa Auta aikin.

"A'a, yau za a yi ruwa da ƙanƙara! Malama da kanta?"

Ya karanta wasiƙar har ƙasa, ya zura ta a aljihun tebur. Ta miƙa ta biyun.

"Wannan fa?"

"Lauya ce ta ce a buga hatimi."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Ni za ki kafa wa shaida? Ni da na riƙa kai ki makaranta a keke, kina kuka da majina?"

Kunya ta rufe ta. Ta ninke takardar, ta ce ya gaida gida.

Kwana goma sha huɗu suka cika, shiru. Lauya ta juya kwafin gaba da baya.

"Ina hatimin?"

"Kawuna ne."

"Doka ba ta da kawu. A wurinta ba ki nemi komai ba."

Ranar sha shida Malama ta koma. Mutum biyar na zaune a benci suna jiran layi. Kawu ya jawo aljihun tebur.

"Ga ta nan, ko ƙura ba ta taɓa ta ba."

"Ba ka shigar da ita rajista ba."

Ya rage murya. "Wanda ya ƙi gyara birkin nan shi zai sa hannu a takardar ritayata baɗi. So nake in same shi a gefe. Irin wannan da lalama ake yi, ba da wasiƙa ba."

"Ka same shi?"

"Ya yi tafiya."

Ta shimfiɗa kwafinta a gabansa, ta danne da tafin hannu. Ba ta janye hannun ba.

"Buga, Kawu."

"A gaban mutane za ki tsinka ni?"

"Buga. Ka sa ɗaya ga wata, ranar da na kawo."

"Wannan kuma a'a. Rajista ta wuce ranar, kowa zai gani. Ban taɓa ƙaryar kwanan wata ba, ba zan fara da furfura ba."

Ya murza lambobin hatimin a hankali, ya danna a tawada, ya buga. Sha shida. Bai ɗago ya dube ta ba, ya ce na gaba ya matso.

A matattakala ta ƙirga da yatsu, ko da yake ta san amsar. Talatin ga wata. Kwana goma bayan kwamiti ya tashi.

Auta na tsugune a bakin ƙofar hukumar, tunda an hana shi shiga. Ya miƙe.

"Yaya, an samu?"

"An buga hatimi."

"To littafin fa?"

"Ka goge rigarka mai kyau," ta ce. "Ranar ashirin hannu rabbana za mu je."