A Bar Katanga Ta Faɗi

Shekara goma sha huɗu Mai Birki ya yi yana koya wa motocin mutane tsayawa, ko sau ɗaya ba a taɓa dawo masa da aiki ba. In ka kawo masa mota kana yabon gudunta, ba ya ko ɗaga kai daga ƙarƙashin taya. Abin da zai tambaye ka ɗaya ne: "In ta tashi tsayawa fa?" To, irin wannan mutum ne matarsa ta danƙa wa na'urar wasanta a ƙofar ɗakin haihuwa, ƙarfe uku da rabi na yamma, tana dafe da ƙugu, nas tana tsaye tana jiranta.

Matar malamar lissafi ce, shi ya sa har a gida Malama yake ce mata. Wasan kuwa na tara dodanni ne, ka kama su, ka rene su, ka haɗa su faɗa da na wasu ta intanet. Wata takwas ta yi tana renon guda ɗaya da ta raɗa wa suna Allura, kusan tare suka taso da cikin da ke jikinta. Yau ƙarfe huɗu ne karonta na ƙarshe kafin ta shiga zagayen manya a gasar shekara, kuma duk wanda bai bayyana ba an cire shi ke nan, sai baɗi. Likita ya ce haihuwa saura sati biyu. Abin da ke cikin bai ji maganar likita ba.

"Malama, don Allah ki bar zancen wasan nan, ki ji da kanki," in ji shi.

"Da kaina nake ji. Ga takarda nan, tun da safe na rubuta da na fara jin alama. Layi uku ne kawai. Ko ɗan aji ɗaya zai iya." Ta cije leɓe, ta damƙe hannunsa har sai da ya ji ƙashi ya motsa. Da ciwon ya lafa ta ce, "Ka yi mini alkawari."

Ya yi. Wa zai ƙi yi wa mace alkawari a wannan ƙofa? Aka shige da ita, ƙofar ta rufe kanta a hankali, aka bar shi da na'ura a hannu ɗaya da takarda a ɗaya.

Benci ɗaya ne a barandar, kuma surukarsa na kai, da kwandon kayan jarirai a gefenta da fulas a cinya. Ya zauna can ƙarshe, rabin jikinsa a iska. Ta dubi na'urar, ta dube shi, ta mayar da ido kan ƙofa. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi samun sauƙi.

Ya buɗe takardar. Rubutun Malama ne tsaf, kamar a kan allo.

Ɗaya: fara da Katanga, ka danna Watsa Ƙaya sau biyu.

Biyu: kada ka sako Allura a kan duka. Ka bar Katanga ta faɗi tukun, sai Allura ta shigo ba wanda ya taɓa ta.

Uku: akwai ɗamara a jikin Allura. Tana ƙara mata ƙarfi, amma duk dukan da ka fara zaɓa shi za ta yi ta yi. Ka zaɓi Tsawa, ka yi ta dannawa.

A ƙasa ta ƙara da ƙananan baƙi: Lema ta ajiya ce, da wuya ka buƙace ta.

Ya karanta sau uku, kansa ya ƙara ɗaurewa sau uku. Ya kunna na'urar ya duba dodannin. Katanga dai ya gane ta, wata ƙatuwa ce mai ƙoƙon baya irin na kunkuru, ga nauyi ga haƙuri, irin motar da yake so a kawo masa. Lema wata 'yar lukuta ce mai barci a tsaye. Sai Allura, siririya, idanu a waje, sai tsalle take yi ta kasa tsayawa wuri ɗaya. A gefenta akwai layuka masu nuna halinta. Layin gudu ya cika har ya kusa fita daga allon. Layin ƙarfin duka haka. Ya nemi layin kariya ya rasa, sai da ya kusanto da na'urar daf da hancinsa ya ga ɗan ɗigo.

"Mota ce ba birki," ya faɗa a fili. Ya tuna zancen ɗamara. "Sitiyarin ma an cire."

"Magana kake?" in ji surukarsa.

"A'a, Mama."

Ya rasa yadda mace mai lissafi, wadda ba ta barin tukunya a wuta ta je ƙofar gida, za ta yi wata takwas tana zuba komai a gudu da duka, ba ta bar wa baiwar Allah ko ƙyallen da za ta kare kanta ba. Mantuwa ce? Ko ciki ne ya sa? Ya so ya tambaya, amma mai amsar tana bayan ƙofa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙarfe huɗu daidai na'urar ta yi ƙara. Abokin karawar ya sa wa kansa suna Guduma, dodanninsa uku shi ma. A saman allon agogo ya fara ƙirga minti ashirin yana komawa baya.

Mai Birki ya sako Katanga. Guduma ya sako wani bijimi mai ƙahonin wuta. Ya danna Watsa Ƙaya, ƙayoyi suka bazu a filin abokin gaba, bijimin ya zabga wa Katanga duka, layin lafiyarta ya ragu kaɗan. Ya sake dannawa, aka sake zabga mata. Layi na ɗaya na takardar ya cika. Har ya ɗan gyara zama, ya ji ashe abin ba wuya.

A duka na huɗu layin ya tashi daga kore ya koma rawaya. A na biyar ya yi ja, na'urar ta fara wani ɗan kuka, ƙit, ƙit, ƙit, irin na injinan da ake jona wa marasa lafiya. Katanga ta sunkuyar da kai tana haki. Takarda ta ce a bar ta.

A daidai nan wata nas ta fito daga ɗakin haihuwa da sauri, ta wuce su ba ta ce komai ba, ta dawo da wata roba a hannu. Ya bi ta da ido har ƙofar ta rufe. Malama ta sha gaya masa cewa dodannin nan suma kawai suke yi, ba mutuwa ba, ana gama wasa su miƙe. Ya sani. Amma tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, kuma ya ji ba zai iya zama a wannan benci, a wannan rana, ya sa ido wani abu na Malama ya faɗi da gangan ba. Ya janye Katanga ya sako Lema.

Lema ta sha dukan a madadinta. Ya duba abin da ta iya, ya ga wani maɓalli an rubuta Jinya, ya danna. Layin Lema ya ɗan cika, na Katanga da ke gefe ma ya ɗan motsa. Ransa ya yi sanyi. Ai ga gyara, me ya sa Malama ba ta rubuta wannan ba?

Daga nan ya samu hanya, ko ya ɗauka ya samu. In Lema ta yi ja, ya janye ta ya sako Katanga. In Katanga ta yi ja, ya mayar da Lema ya danna Jinya. Haka yake yi wa motoci biyu in jak ɗaya ne a gareji, a ɗaga wannan a sauke waccan. Ita kuwa Allura tana can gefen allo tana tsalle. Takarda ta hana shi sako ta a kan duka, kuma duka bai tsaya ba, to yaushe zai sako ta? Shi a ganinsa ma yana bin layi na biyu sau da ƙafa, rabinsa dai.

Guduma ya turo alamar tambaya a ƙasan allon. Can ya turo guda uku. Da alama shi ma kansa ya ɗaure, yana zaton wata sabuwar dabara ce da bai taɓa gani ba, don har ya ja da baya ya yi zagaye biyu yana ƙara wa bijiminsa ƙarfi maimakon duka. Bai canza dodo ko sau ɗaya ba, saboda haka ƙayoyin nan, da sai sabon dodo ya shigo fili suke sukarsa, suna zube ba wanda ya taka.

"Miƙo takardar nan."

Bai san lokacin da surukarsa ta matso ba. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗora tabarau, ta karanta tana motsa baki, ta leƙa allon.

"Wace ce Katangar?"

"Wannan, Mama."

"To ai ba ta faɗi ba."

"Ina kula da ita ne."

"An ce ka kula da ita? Ni ban san kan wasan nan ba, amma na iya karatu. Cewa aka yi a bar ta ta faɗi. Waccan mai rawar kan kuma ita ce Allurar?"

"Ita ce. Ba ta da kariya ko kaɗan, Mama. Duka ɗaya ya ishe ta. Gara a bi a sannu, sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba," in ji ta. Ta nuna agogon da ɗan yatsa. "Wannan me yake ƙirgawa?"

Saura minti uku. Katanga ce a fili, layinta ja, siriri kamar zare. Abin da ake so ya yi bai taka kara ya karya ba: ya danna kowane maɓalli, ya bari a doke ta, Allura ta shigo. Dodanni uku, Tsawa uku, ko huɗu in an yi rashin sa'a. Lokaci zai isa, da kyar. Ya ɗora babban yatsa a kan Watsa Ƙaya. Surukarsa ta riƙe numfashi, ita da ta zo tana hararar na'urar.

Sai ihu ya fito daga bayan ƙofa. Mata huɗu ne a ɗakin nan, ba wanda zai rantse muryar wa ce. Yatsansa bai tsaya tambaya ba, ya zame ya janye Katanga.

"Kai!" in ji surukarsa. Ta mayar masa da takardar, ta koma wurin kwandonta.

Agogo ya kai sifili. Allon ya yi duhu, ya dawo da rubutu: lokaci ya cika, an auna lafiyar da ta rage wa kowane ɓangare. Aka nuna bijimin Guduma yana rawa.

Ya daɗe yana kallon allon. "Mama, uku na shiga da su, uku na fito da su. Ko ɗaya ban rasa ba. To ta ina aka ci ni?"

"Ka doki wani?"

Sai yanzu ya lura ko sau ɗaya bai kai duka ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da nas ta leƙo ta ce mace ce, uwa da ɗiya lafiya. Surukarsa ta riga shi shiga. Shi ya tsaya wanke hannu sau biyu, baƙin mai dai yana nan a ƙarƙashin farcensa. Malama tana kwance, fuska ta faɗa, idanu sun yi ja, ga 'yar abu a naɗe a ƙirjinta. Farin ciki ya cika shi. Ya ga ɗan gadon jarirai mai tayoyi a gefe, ya sa ƙafa ya taka makullin tayar, ya girgiza gadon ya tabbatar ba ya motsi.

"Sannu, Malama. Sannu."

"Yauwa." Ta dubi aljihun da na'urar ta turo. "Yaya?"

Ya so ya fara da labari mai daɗi. "Allura lafiyarta lau. Ko ƙwarzane ba ta yi ba."

"Tsawa nawa ta yi?"

Surukarsa ta juya tana ninke wani zane da yake a ninke.

"Ba ta fito ba," in ji shi.

Malama ta rufe ido. Ya ga tana lissafi, ya san fuskar, kuma bai ɗauke ta daƙiƙa biyar ba ta gano komai. "Ba ka bar Katanga ta faɗi ba."

"Na kasa. Kina ciki, abin yana ta kuka, ni kuma..." Ya fito da na'urar daga aljihu ya ajiye a gefenta. "Na karya miki alkawari. Wata takwas."

Ya jira faɗa, faɗa bai zo ba. Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne, ba ta share ba. Abin ya yi mata ciwo, kuma ba ta ɓoye ba. Jaririyar ta motsa, ƙafa ɗaya ta zame daga cikin zanen, 'yar mitsitsiya, tana harbin iska. Kafin kowa ya yi motsi hannunsa ya kai, ya mayar da ƙafar ciki, ya ja zanen ya soke shi ta ƙasa sosai.

Malama ta dubi hannun, ta dube shi.

"Ita wannan fa," ta ce, "za ka bar ta ta taka ƙasa kuwa?"

Ya buɗe baki zai ce ƙwarai. Sai ya ga har yanzu bai saki zanen ba.