Filin Gaisuwa na Bayan La'asar

Tun da yaƙi ya koro Mahasin daga Omdurman zuwa Alƙahira, magana ce ta zama aikinta. Kullum da hantsi takan fito daga ɗakin da take haya a Abbasiya, ta shiga jirgin ƙasa na metro zuwa Dokki, ta hau wani tsohon bene inda 'yan Sudan suka mayar da ɗakin kwana gidan rediyo. Katifu aka jingina a bango don kada hon ɗin motoci ya shiga makirufo. Daga nan ake tura shirye-shirye gida ta gajeren zango. Da safe labarai ne da Larabci. Da rana a faɗi inda ake samun ruwa da magani da hanyoyin da suka buɗe. Bayan la'asar kuma sai filin gaisuwa da Hausa, wanda Mahasin ke gabatarwa. Mutanen ƙauyuka suna saurare, sojoji ma a bakin daga suna saurare.

Ƙaninta Bakri yana cikin sojojin. Tela ne, mutumin da ko yankan kaza sai ya kau da kai, amma ranar da aka ƙone kasuwarsu bai kwana a gida ba, ya tafi ya shiga soja. Innarsu kuwa ta ƙi barin ƙauyensu na kusa da Mai Wurno, inda layin waya ya daɗe da yankewa. Rediyon ne kaɗai ya haɗa su ukun. Shi ya sa kullum Mahasin takan rufe shiri da gaida Inna a gida da Bakri a duk inda yake.

Ranar nan ta iso ta tarar da Isam, mai kula da na'urori, tsaye a bakin ƙofa. Shi ke tace saƙonnin murya da mutane ke aikowa. Bai tsokane ta da cewa ta makara ba kamar yadda ya saba.

"Ustaza, shigo ki zauna," in ji shi. "Akwai saƙon da ya shigo. Naki ne, ba na shiri ba."

Ya miƙa mata abin sauraro, ya juya baya.

Muryar wani saurayi ce, iska tana kaɗawa a bayansa. "Salamu alaikum, Ustaza Mahasin. Sunana Mazin, tare muke da Bakri. Sai yau na hau tudu na samu layi. Allah ya yi wa Bakri rasuwa shekaranjiya da safe. Ruwa ya je ɗebo mana a kogi. Mun yi masa salla, mun rufe shi a gindin wata aduwa. Ma'alish, sai haƙuri, ya Ustaza. Kullum shi ke riƙe mana rediyo idan kin fara."

Mahasin ta cire abin sauraron ta ajiye a hankali. Abin da ya fara zuwa mata shi ne jiya. Jiya ta gaishe shi, har ta yi masa tsiya cewa ya rage shan shayi, ashe yana ƙarƙashin ƙasa. Ta yi salati.

"Khalas, shi ke nan, ki tafi gida," in ji Isam. "Zan maimaita shirin jiya."

"A sake gaishe shi ke nan, Inna tana ji tana murmushi?"

"To a sa karatu kawai."

"Idan ba ta ji ni ba, za ta ɗauka ni ce wani abu ya sama." Ta share ido da gefen mayafi. "Wa zai kai mata labarin, Isam? Ba waya, hanya a rufe."

"Ba a gaya wa uwa irin wannan ta rediyo."

"To ta ina?"

Isam ya haɗa mata shayi, ya huce a gabanta ba ta taɓa ba.

Da lokaci ya yi, jar fitila ta kama, Mahasin ta yi sallama da muryarta ta kullum. Ta karanta saƙon wata mata daga Gadarif da ke sanar da mijinta soja cewa ta sauka lafiya, an samu mace. Ta sa muryar wani soja da ke roƙon mahaifinsa gafara don ya tafi bai yi sallama ba. Ta gaida masu neman 'yan'uwansu, ta maimaita sunayen a hankali don kada wani ya kuskure.

Da ta zo ƙarshe, Isam ya kai hannu zai sa kiɗa. Ta girgiza masa kai.

"Kawu Abakar," ta ce, tana kiran yayan Inna da suke katanga ɗaya, "idan kana jina, don Allah ka tashi yanzu ka shiga wurin Inna. Matan unguwa, ku ma ku shiga, kada ku bar ta ita kaɗai. Zan jira ku."

Isam ya sa karatun Alƙur'ani. Mahasin ta rufe ido, tana ganin Kawu yana laluben takalminsa, tana ganin zauren, da inuwar da Inna ke zama. Ba ta ma san ko akwai batir a rediyonsu ba.

Karatun ya ƙare. Ta matso kusa da makirufo.

"Inna, ni ce Mahasin. Ki yi haƙuri. Bakri ya koma ga Ubangijinsa. Abokansa sun yi masa salla, sun rufe shi, ba a bar shi a fili ba. Inna, ki yafe mini da na gaya miki daga nesa."

Ta so ta yi wa su Mazin godiya, amma kuka ya ci ƙarfinta. Isam ya kashe makirufon.

Makonni suka wuce ba ta san ko an ji ba. Tana zuwa aiki, tana gaida mutane, tana komawa Abbasiya ta kwanta da kayan jikinta. Sai wata rana wani direba da ya samu fita zuwa Gadarif ya aiko da saƙo daga Kawu Abakar. Ya ce sun ji. Ya ce ko da Kawu ya shiga, ya tarar Inna ta riga ta fito da tabarmi tana shimfiɗawa masu zuwa gaisuwa, don tun da aka kira sunan Kawu ta gane. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abu ɗaya ta ce a gaya wa Mahasin: ta tambayi wanda ya aiko mata da labarin, ko akwai wanda ya rufe wa Bakri ido.

Mahasin ta kira lambar Mazin a ranar, ta sake kira washegari. Ta roƙe shi a cikin shiri, da sunansa, ya neme ta. Lambar ba ta sake shiga ba, kuma har yanzu ba ta samu abin da za ta gaya wa Inna ba.